Uban ɗalibata na neman adireshin da uwarta ta ce a ɓoye

Malamar Aji Huɗu:
Assalamu alaikum. Don Allah ma'aikatan makaranta ku ba ni shawara kafin gobe da safe. Akwai wata yarinya a ajina, shekarunta tara. Iyayenta sun rabu, uwar ce ta kawo ta, kuma a fom ɗin shiga ta rubuta da hannunta, har da jan layi biyu a ƙasa, cewa kada a ba kowa sabon adireshinta. Yau bayan an tashi uban ya same ni a ƙofar aji. Bai ɗaga murya ba. Ya nuna min rasit ɗin kuɗin makaranta da sunansa a kai, ya ce yana son sakamakon jarrabawar 'yarsa da kuma inda take kwana. Shugabar makaranta ta yi tafiya sai mako mai zuwa, wayarta a kashe. Fayil ɗin yana cikin durowata, kuma babu takardar kotu a ciki, sau biyu na duba. Na ce ya dawo gobe. In ba shi duka, in ba shi rabi, ko in hana?

Ɗan Kwamfuta:
Wa alaikumus salam. Malama, abu na farko ki sa wa wayarki kalmar sirri mai ƙarfi, ki daina ajiye sunayen yara a WhatsApp. Akwai manhajoji na kyauta da ke adana irin wannan.

Malamar Aji Huɗu:
Malam, a takarda yake. Cikin durowa.

Tsohon Hedimasta:
'Yata, abu biyu ya nema, kada ki haɗa su a kwando ɗaya. Sakamakon jarrabawa na yarinya ne, kuma shi ubanta ne. Adireshi kuwa na uwar ne, amana ta ba makaranta. Ruwa ba ya tsami banza, macen da ta ja layi biyu tana da dalili. Amma ko sakamakon ma ba ke za ki miƙa ba, aikin ofis ne. Ki ce ya rubuto buƙatarsa, a tabbatar shi ne uban, don rasit kowa na iya riƙewa. Kuma me ya kai fayil ɗin ɗaliba durowar malamar aji? Shekara 31 na yi ina wannan aiki, mabuɗin kabad ɗin fayiloli a aljihuna yake kwana.

Baƙo a Amurka:
A nan akwai dokar da ake kira FERPA tun 1974. Uwa da uba kowannensu na da ikon duba bayanan karatun ɗansa ko da sun rabu, sai dai in kotu ta hana a rubuce. Amma makaranta na da har kwana 45 kafin ta nuna, don haka babu mai tsaya wa malami a ka ya ce sai yau. In yaro ya kai shekara 18, ikon ya koma hannunsa. Wace ƙasa kike, Malama?

Uwar Biyu:
Ku yi haƙuri, ni dai da na ji an ce amana sai da gabana ya faɗi. Ɗana yana da farfaɗiya. Da zan sa shi makaranta na zauna da nas ɗinsu, na faɗa mata komai, sunan maganin, lokacin shansa, yadda za a kwantar da shi ta gefe in abin ya tashi. Na roƙe ta kada ya wuce ita da malamin ajinsa. Ta ce in kwantar da hankalina.

Bayan wata biyu, da dare, sai ga hoto a zauren WhatsApp na iyayen aji. Takarda ce aka ɗauka a kan tebur, har ana ganin yatsan wanda ya danne gefenta. Sunayen yara bakwai da ciwon kowannensu. Ɗana ne na uku. Wai zauren malamai aka nufa, hannu ya kuskure. An goge bayan minti kaɗan, amma kafin nan wa bai gani ba? Washegari babu wanda ya yarda ya zauna benci ɗaya da shi, wata uwa ta gaya wa 'yarta wai ana ɗauka. Yara suka riƙa faɗuwa ƙasa suna karkarwa in ya shigo. Yaron da ke riga ni tashi don zumuɗin makaranta ya koma ɓuya a bayan ƙofa da jakarsa a baya.

Na je, aka ba ni kujera, aka ce kuskure ne, ɗan Adam ajizi ne. Na tambaya wa ya tura, aka ce ba za a faɗa ba, wai sirrin ma'aikaci ne. Ashe sun san sirri! Na cire shi, ya yi asarar zango guda. Yau shekara huɗu, a sabuwar makarantar ban faɗa wa kowa ba, kullum cikin fargaba nake kada ya faɗi ba wanda ya san abin yi.

Malama Mai Ba da Shawara:
Allah ya ba shi lafiya, Maman yara. Amma don Allah ki gaya wa mutum ɗaya a sabuwar makarantar. Ba faɗa wa malamai ne laifin ba, wanda zai kasance da yaron ya kamata ya sani. Laifin shi ne haɗa yara bakwai a takarda ɗaya da aika ta a waya.

Uwar Biyu:
Haka waccan ma ta ce min.

Sarkin Zolaya:
Mu a wajenmu tsaro ya kai tsaro. Kalmar sirrin kwamfutar ofis 1234 ce, kuma don kada a manta an manna ta a jikin allon. Da aka ce a canja, sai aka mai da ita 12345.

Ɗan Kwamfuta:
Maman yara, da kin kai su ƙara. Tarar irin wannan miliyan 20 ce.

Akawun Lauya:
Miliyan 20 na me? Yuro ne, kuma dokar Tarayyar Turai ce ta kare bayanan mutane, GDPR, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2018. Wannan ma ƙololuwa ce, miliyan 20 ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin shekara, duk wanda ya fi yawa. Ba kowane laifi ake kaiwa can ba.

Malamin Lissafi:
Ni miliyan 10 na karanta, da kashi 2.

Akawun Lauya:
Shi ma akwai, mataki biyu ne. Amma ka duba abin da ake ci a zahiri. A 2019 an ci tarar hukumar wata makarantar sakandare a Suwidin kurona 200,000 saboda gwajin kyamara mai gane fuska wajen kiran suna, ɗalibai 22 kacal. Makarantar ta ce an ba ta izini, mahukunta suka ce izinin da aka ba wanda ke da iko a kanka ba izini ba ne.

Baƙo a Amurka:
Nan kuwa ko sisi ba za ka samu ta wannan dokar ba. A 2002 Kotun Ƙoli ta ce mutum ba zai iya shigar da ƙarar neman diyya da FERPA ba. Hukuncin shi ne gwamnatin tarayya ta janye tallafinta daga makarantar.

Tsohon Hedimasta:
Kun cika mu da yuro da kurona. Malamar nan mutum zai tsaya a gabanta gobe, ba littafin doka ba. Wanda bai taɓa riƙe alli ba ya bar masu aikin su yi magana.

Akawun Lauya:
Ranka ya daɗe, da girmanka, amma masu riƙe allin ne suka tura takardar ɗan baiwar Allah nan. Daɗewa a aiki ba ta mai da kuskure daidai.

Tsohon Hedimasta:
A zamanina ba a yi haka ba.

Sarkin Zolaya:
Baba, a zamaninku ai a filin taro ake karanta wanda ya zo na ƙarshe, a sa a yi masa ihu. Ni shaida ne, sau uku ana kiran sunana.

Malama Mai Ba da Shawara:
Malamar Aji Huɗu, har yanzu ba wanda ya ce ki kira uwar. Ki kira ta yau, ki gaya mata ya zo, domin in gudunsa take yi, yanzu ya san makarantar, kuma ba sai da fayil ake bin yaro gida ba. Gobe ki tabbatar wanda ke ɗaukarta ne ya ɗauke ta. Ki rubuta ranar da lokacin da abin da ya faɗa, ki kai wa mataimakin shugaba. Kada ki tambayi yarinyar komai. In kuma ita ta kawo miki magana da kanta, kada ki yi mata alƙawarin ba za ki faɗa wa kowa ba, don in abin cutarwa ne dole ki kai gaba.

Malamin Lissafi:
Maganar karanta maki ta tuna min. Wannan ma ta je Kotun Ƙolin Amurka a 2002, kan ɗalibai su yi musayar littafi su duba wa juna, su faɗi makin a fili. Kotu ta ce bai saɓa wa dokar FERPA ba. Ni abin da ke ci min rai daban ne, wato manna sunayen waɗanda ba su biya kuɗin makaranta ba a allon sanarwa. Yaro ne ya ci bashin? Kuma mu ake ba takardar a ce mu karanta a aji.

Uwar Biyu:
Da hotunan yara da ake sawa a Facebook don talla. Wa ya tambaye mu?

Malamar Aji Huɗu:
Na gode muku duka. Na kira uwar sau uku, lambar da ke fom ɗin ba ta shiga. Mataimakin shugaba ya ce in yi abin da na ga ya dace. Ƙarfe bakwai da rabi mutumin ya ce zai zo.

Malamin Lissafi:
Kun ji ko, in yi abin da na ga ya dace. Haka suke yi. Da wayarmu ake ɗaukar hoton, da datarmu ake turawa, makin yara ɗari biyu na cikin wayata yanzu haka don makaranta ta ƙi sayen kwamfuta ta biyu. Ranar da aka sace wayar nan, sunan wa za a kira?

Ɗan Kwamfuta:
Shi ya sa na ce manhaja. Ta kyauta ce.

Akawun Lauya:
Wata uku na farko ne kyauta, Malam. Ka karanta ƙananan rubutun, ka ga wa ke riƙe da bayanan in kun daina biya.