Maganar Abba: a kai shi asibiti ko a bar shi da addu'a?

Zauren WhatsApp na zuri'ar gida, daren Laraba. Abba ɗan kasuwar hatsi ne a Kano. Masu garkuwa sun ɗauke shi a hanyar Gusau, ya dawo wata huɗu da suka wuce. Ba ya cikin zauren, don tun da ya dawo bai sake riƙe waya ba.

Baffa Malam: Assalamu alaikum. Labari ya iso mini wai ana shirin kai Abba wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ban yarda ba. Yaron nan lafiyarsa ƙalau. Kwana 47 ya yi a daji, Allah ya kuɓutar da shi, an yi sauka, an yi sadaka. Abin da ya rage tsoro ne, maganin tsoro kuwa zikiri da haƙuri. Ka zauna gaban baƙo kana zazzage masa cikinka, wannan al'adar Turawa ce kuma raunin tawakkali ne. Iyayenmu sun ga yunwa, sun ga yaƙin basasa, wa ya kai su wurin likita?

Anti Nas: Wa'alaikumus salam Baffa, Allah ya ƙara girma. Ni na kawo shawarar, kada a ɗora wa kowa. Ban ce Abba ya haukace ba. Duk wanda ya ga abin da ya gani dole ya firgita, kuma galibin mutane firgicin na lafawa da kansa cikin 'yan makonni. Amma idan aka wuce wata guda mutum bai daina mugun mafarki ba, yana zabura, yana gudun duk abin da zai tuna masa, har ya kasa sana'arsa, to a asibiti cuta muke kiransa, PTSD. Wata huɗu fa ke nan, Baffa.

Baffa Malam: Ai kun iya raɗa wa komai suna. Dawanau da Abba ya sani ta kasuwa ce, kada ku mayar masa da ita ta asibitin ƙwaƙwalwa. Ranar da aka ji an gan shi a can, wa zai sake ba shi buhu ɗari bashi? 'Ya'ya mata uku gare shi. Gobe a zo neman aure a ce ubansu ya taɓa taɓuwa.

Yaya Babba: Nan kam ina bayan Baffa. Gonar Bichi muka sayar muka biya kuɗin fansa, har yau ban gama biyan mutane ba. A ce kuma mu fara zarya ana biyan wani don ya saurari labari? Labari ai ga mu nan, kyauta za mu ji.

Auta: Yaya, sau nawa ya ba ka labarin?

Yaya Babba: Kai Auta, manya na magana.

Auta: Allah ya ba da haƙuri. Amma ranar da ya fara faɗin yadda aka harbe wanda aka ɗaure su tare, ina wurin. Kowa ya ce masa ya isa, ka gode wa Allah, ya wuce. Daga ranar bai ƙara buɗe baki ba.

Goggo Hajiya: (jikarta ke rubuta mata) Ni dai na ce iska ce ya kwaso a dajin nan. A ci gaba da hayaƙin habbatus sauda da rubutu.

Matar Abba: Baffa ku gafarce ni, ban so sa baki ba, amma ni nake kwana ɗaki ɗaya da shi. Da takalmi yake kwanciya. In na cire masa yana barci, zumbur zai miƙe yana lalube. Shekaranjiya na ɗaga filo na tarar da ragowar tuwo a leda, har ya fara tsami, ya ce wai ko za a hana su abinci gobe. Su wa? Ranar Asabar yaron maƙwabta ya tayar da babur a ƙofar gida, sai a bayan tankin ruwa na same shi a tsugune, jikinsa na ɓari. Ƙaramin ɗansa ya taɓa shi ta baya yana wasa, ya kai masa naushi, sannan ya zauna yana kuka ya fi yaron. Zikirin da kuka ba shi yana yi wallahi, carbi ba ya barin hannunsa. Amma ko a masallaci ba ya iya shiga tsakiyar sahu, sai gefe, daf da ƙofa.

Baffa Malam: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san abin ya kai haka ba. Amma duk da haka, a zaunar da shi a ce maimaita abin da aka yi maka, ai fami ne. Gyambon da ya fara kamewa ba a sosa shi.

Anti Nas: Wannan kam kuna da gaskiya ta wani ɓangare. A tsare mutum da zafi-zafi a ce sai ya amayar da komai a zama ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta yarda da shi ba, don ba ya hana cutar. Wanda ya san aikin ba haka yake yi ba. Zai fara da barci da numfashi, ya fahimtar da shi cewa jikinsa ne bai gane an fito daga daji ba, shi ya sa ƙarar babur ke mayar da shi can. Sai a hankali, mako-mako, a taɓo labarin gwargwadon yadda zai iya ɗauka, har tunawar ta daina kayar da shi. Gyambon Abba bai kame ba Baffa, rufe shi aka yi da tsumma.

Auta: Kuma Baffa, ku kuka karantar da mu Suratu Yusuf. Annabi Yaƙub ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ba a ce imaninsa ya ragu ba.

Baffa Malam: Ƙarasa ayoyin mana, ɗan boko. Cewa ya yi ina kai kukana da baƙin cikina ga Allah. Bai ce ga likita ba.

Anti Nas: Haka ne. Amma ku kuka faɗa mana Nana A'isha takan sa a dama talbina a ba waɗanda aka yi wa rasuwa, saboda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce tana sanyaya zuciyar mara lafiya tana rage baƙin ciki. Ashe ana yi wa baƙin ciki magani ke nan, ba a fita daga tawakkali ba.

Kawu Soja: Malam, bari in sa baki. Ka tambaya wa ya kai na da wurin likita. Ba wanda ya kai su, kuma ni ne samfurin wanda ba a kai ba. 1990 aka tura mu Laberiya a rundunar ECOMOG ta ƙasashen Afirka ta Yamma. Na dawo da ƙafa biyu da hannu biyu, kowa na barka. Kun san ba na zama gida ranar babbakar kawunan layya, kuna cewa ƙyuya ce. Ƙaurin ne. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Uwar 'ya'yana ta fari ba don ba ta da kirki ta tafi ba, na shaƙe ta ne cikin barci ban sani ba. Aka ce zafin soja ne, aka yi ta dariya. Sallah ban bari ba, Malam, kai shaida ne. Shekara ta fi 30. Kada ku yi wa yaron nan irin haƙurin da aka yi mini.

Goggo Hajiya: Allah sarki. Ashe abin da ya raba ku ke nan.

Yaya Babba: Kawu ka yi haƙuri, ba mu sani ba. To ni tambayata, ba za a sayo masa maganin barci a kemis ba kawai? Ya fi sauƙi.

Anti Nas: A'a Yaya, don Allah. Irin su diyazefam za su kwantar da shi yau, gobe ya kasa barci sai da su, ciwon kuma yana nan. In magani ya kama, likita ne zai rubuta wanda ya dace. Kuma ba lallai sai Dawanau ba. Asibitin Malam Aminu Kano akwai sashen, ƙofa ɗaya ake shiga da mai hawan jini da mai ciwon ido, ba mai sanin inda ka nufa. Ba zan yi muku ƙarya ba, akwai layi, don likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba. Shi ya sa nake so a karɓi kati da wuri.

Baffa Malam: Tsorona kada a riƙe shi. Na ga yadda ake yi wa mutane a da.

Anti Nas: An yi, ba musu. Dokar mahaukata ta 1958 aka yi ta aiki da ita, sai a Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwa wadda ta ba mara lafiya haƙƙi. Kuma ɗauri ba a asibiti kaɗai aka yi shi ba, kun tuna gidan da 'yan sanda suka buɗe a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa, da sunan gyaran hali. Abba ba kwanciya zai yi ba. Ya je da safe, ya dawo ya ci abincin rana a gidansa.

Baffa Malam: Ban ce na gamsu ba. Har yanzu ina ganin da imani ya yi ƙarfi da ba a kai nan ba. Amma ba zan hana ba, bisa sharaɗi: ba za a daina ruƙiya ba, namiji zai gani, maganar ba za ta fita zauren nan ba, kuma ni zan shiga tare da shi in ji abin da za a faɗa masa.

Anti Nas: Ukun farko na ɗauka. Na huɗun, ku raka shi har bakin ƙofa. In kuna ciki ba zai iya cewa ya yi kuka ba, kunyarku yake ji.

Goggo Hajiya: To shi mai ciwon an tambaye shi kuwa, ko yanka masa kawai ake yi?

Matar Abba: Na tambaye shi jiya, Goggo. Ya daɗe bai amsa ba. Can ya ce zai je, in dai ba za a ɗaure shi ba, kuma ba za a rufe ƙofa ba.

Kawu Soja: Ki ce masa Litinin ƙarfe 7 zan zo da mota. Ni zan kai shi. Nas, ki karɓo kati biyu.