Mashigin Jibralta da jiragen ƙarƙashin teku na Jamus: abin da aka ba da shawara a kai

An yi wata tattaunawa a kan wahalar da jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suka sha wajen ratsa mashigin Jibralta a Yaƙin Duniya na Biyu. Shawarar da masu tattaunawar suka fi nanatawa ita ce a fara duba taswira kafin a zargi kwamandojin Jamus da ganganci. Inda mashigin ya fi ƙunci, kilomita 14 kacal ke tsakanin Sifen da Maroko, ga kuma sansanin sojan ruwan Birtaniya a bakinsa.

An daɗe a kan batun igiyar ruwa, kuma ya cancanta. Ruwan sama na kwarara daga Atlantika zuwa Bahar Rum, mai gishiri sosai kuma na komawa ta can ƙasa. Jirgin da ke shiga Bahar Rum, igiya na tura shi. Mai fita kuwa sai ya yi kokawa da ita a kan batir, wanda ba ya jure gudu. Shi ya sa daga 1941 zuwa 1944 jirage kusan 60 suka shiga, babu wanda ya dawo Atlantika. Dönitz, babban kwamandan jiragen ƙarƙashin teku na Jamus, shi kansa bai so aika su ba, umarnin Hitler ne.

Wasu suka ce kada a ɗauka duhun dare kariya ce. Da farko dai kwamandoji kan jira daren da babu farin wata, su rabi gaɓa suna gudu a saman ruwa. Da radar da fitilar Leigh (babbar fitilar da jiragen sama ke haska teku da ita da dare) suka zo, dabarar ta mutu. A 1944 kuma jiragen saman Catalina na Amurka suna gano ƙarfen jirgi ko yana nitse, ta na'urar maganaɗisu. Haka aka gano jirgin Jamus U-761 a watan Fabrairu.