Gem ya daina buɗewa bayan sabuntawa, kamfani sai ɗage gyara yake yi

Zakaran_Gem:

Assalamu alaikum 'yan dandali. Ina neman shawarar masana. Wani gem da ake bugawa ta intanet ya sauke sabuwar siga kwana 9 da suka wuce, tun ranar bai sake buɗewa ba. Tambarin kamfani zai fito, layin lodi ya tafi har wajen kashi 80, sai fuskar wayar ta yi baƙi na daƙiƙa biyu ko uku, ya watso ni waje. Ba ya rubuta komai. Wayar Android 12 ce, ram 4GB, akwai sauran wuri kusan 11GB. Na kashe na kunna, na gwada da data, na gwada da Wi-Fi, duk ɗaya.

Kamfanin ya ce ya san da matsalar, ya sa ranar gyara, ranar ta zo aka ɗage, aka kuma ɗagewa. In goge bayanan gem ɗin gaba ɗaya ne? Ko in nemo tsohuwar siga in saka? Kuma me ke sa gyaran abin da su da kansu suka ɓata yake cin kwanaki haka? A matsayin baƙo nake bugawa, ban taɓa haɗa akawun ɗin da komai ba, ga tikitin wata da na saya yana ta ƙonewa.

Mai_Gyaran_Waya:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin komai ɗauke yatsanka daga maɓallin "Clear data", kuma kada ka cire gem ɗin. Ci gabanka yana can a uwar garken kamfani, wato babbar kwamfutarsu da ke riƙe bayanan 'yan wasa, amma shaidar da ke nuna cewa akawun na baƙo naka ne ɗan fayil ne a cikin ma'ajiyar gem ɗin a wayarka. Ka goge shi, ɗaki na nan, makulli ya ɓata. Maɓallan biyu suna zaune kusa da juna, shi ya sa ake yawan yin kuskure. "Clear cache" fayilolin wucin gadi kawai yake sharewa, ba ruwansa da akawun. Ɗayan kuwa yana mayar da gem ɗin kamar yau aka saka shi. Kada garin neman gira ka rasa ido.

Fara da tattara shaida. Bincika tsofaffin hotunan da ka ɗauka a cikin gem ɗin, ko akwai wanda ya nuna lambar ɗan wasa da sunanka. Sannan buɗe imel ɗinka ka nemo rasit ɗin tikitin nan. Duk sayayyar da aka yi ta Google Play tana da lambar oda da ke farawa da GPA. Wannan lambar ta fi komai ƙarfi idan aka zo maganar dawo da akawun.

Bayan haka ga abin da za ka gwada ba tare da asarar komai ba. Shiga saitin waya, ɓangaren manhajoji, zaɓi gem ɗin, danna "Force stop", sannan "Clear cache", ka sake kunna wayar. Je Play Store ka sabunta Android System WebView da Chrome. Gem da yawa da WebView suke nuna sanarwa da shafin shiga, in ya samu matsala sai ya ja gem ɗin su faɗi tare. A watan Maris na 2021 wata sabuntawar WebView ta sa manhajoji masu yawa rufewa da kansu a wayoyin Android, har da Gmail, kuma maganin bai wuce sabunta shi ba. Kashe VPN in kana da shi, kashe yanayin tattalin batir, kashe duk manhajar da ke shawagi a kan fuskar waya, irin masu ɗaukar bidiyo da masu cewa suna ƙara wa gem gudu. Duba agogon wayar ma, ka bar shi yana saita kansa, don agogon da ya kauce yana hana haɗuwa da uwar garke.

Gwajin ƙarshe shi ne ka saka gem ɗin a wata wayar da ba irin taka ba, ka buɗe sabon baƙo. In ya yi aiki a can, kuma masu irin wayarka suna ta kuka iri ɗaya, to ba wayarka ce ta lalace ba. Kada wani ya ce a yi mata filashin. Ba zai gyara komai ba, akawun ɗin kawai zai tafi.

Maginiyar_Manhaja:

Malam Mai_Gyaran_Waya ya yi daidai. Ni zan ɗauki tambaya ta uku.

Yadda ka kwatanta, wato faɗuwa a wuri ɗaya kullum, baƙin allo, babu saƙo, ya fi kama da matsalar zane. Injin zanen wayoyin Android iri-iri ne, manyansu Adreno da Mali da PowerVR, kowanne da direbansa, kuma direban yana zuwa ne a cikin tsarin wayar daga kamfanin da ya ƙera ta, ba kai za ka sauya shi ba. Gem yana magana da injin ta ɗayan hanyoyi biyu, OpenGL ES ko Vulkan, wadda ta shigo tun Android 7 a 2016. Idan masu gem suka koma Vulkan ko suka sabunta injin da suka gina gem ɗin a kai, wayar da direbanta ya tsufa tana iya faɗuwa daidai lokacin da ake harhaɗa ƙananan shirye-shiryen da ke zana haske da inuwa, kuma galibi a ƙarshen lodi ake wannan aikin. Da ƙarancin ram ne, ba za ka ga faɗuwar a wuri ɗaya ba. Wani lokaci ka shiga har ka fara wasa kafin ya mutu, wayar ta yi nauyi, sauran manhajojin da ka bari a buɗe su fara daga farko.

Me ya sa ba za su dawo da tsohuwar siga kawai ba? Kowace siga tana da lamba, kuma Android ba ya ɗora ƙaramar lamba a kan babba. Ko tsohon aikin za su dawo da shi, sai sun sake haɗa shi da sabuwar lamba sun tura shagon manhajoji, irin Play Store. Ban da haka, uwar garke ta riga ta koma sabon tsari: sababbin kaya, sabon zango, bayanan 'yan wasa duk an sauya musu fasali. Waɗanda gem ɗin ke yi wa aiki sun yi kwana 9 suna tara abubuwa a kan sabon tsarin. Komawa baya zai taɓa kowa, alhali matsalar ta wasu ce.

Gyara kuma iri biyu ne. Akwai wanda ake turowa ta cikin gem, ɗan fayil ɗin da kake gani yana sauka bayan tambari, wannan a cikin awanni ake yin sa. Akwai wanda ya shafi gangar jikin manhajar, dole sai ta shago. Tunda ka ji ana ta sa rana ana ɗagewa, da alama na biyun ne. Sai sun samo irin wayar sun ga faɗuwar da idonsu, su gyara, su gwada a wayoyi da dama kada a ɗinke nan can ya ɓarke, sannan su jira tantancewa. Apple yakan gama mafi yawan tantancewa cikin awa 24. Google yana cewa wani lokaci takan kai kwana 7 ko fiye. Bayan an amince ma, kamfanin da ya ƙone sau ɗaya ba ya sakin gyara ga kowa lokaci guda. A Play Store yakan zaɓi kason da zai fara ba wa, in ya ga matsala ya dakatar. A App Store tsarin na kwana 7 ne: kashi 1, 2, 5, 10, 20, 50, sannan 100. Saboda haka za ka iya jin wani ya samu gyara kai ba ka gani ba tukuna.

Ba kare su nake yi ba. Da sun bi wannan matakin tun a sabuntawar farko, da ba a kai nan ba.

Abin da zai taimaka daga ɓangarenka shi ne rahoto mai ma'ana. "Gem ba ya yi" ba ya amfanar kowa. Rubuta ainihin lambar samfurin wayar, sigar Android, sigar gem, girman ram, sunan injin zane, wurin da yake faɗuwa, da ɗan bidiyo. In kana so ka ƙara, shiga bayanin waya ka danna "Build number" sau 7, ɓangaren masu gina manhaja zai buɗe, da zarar gem ya faɗi sai ka danna "Bug report". Fayil ɗin yana ɗauke da bayanan sirri, don haka sashen taimako na kamfanin kawai za ka tura wa, kada ka liƙa shi a dandali. Ka kuma bar "Usage & diagnostics" a kunne a saitin Google. Daga nan ake ƙirga faɗuwa, kuma Play Store yana da iyaka: kashi 1.09 na masu amfani gaba ɗaya, ko kashi 8 a kan samfurin waya guda. Manhajar da ta haura ana iya rage nuna ta, ko a liƙa gargaɗi a shafinta. Wannan ya fi zagi a sharhi saurin tayar da kamfani.

Tsohon_Hannu:

Maganar tsohuwar siga, ka manta da ita. Ba za ta hau ba sai ka cire wadda ke wayar yanzu, cirewa kuma daidai take da goge bayanai. Ba za ka iya kwafe fayil ɗin shaidar ka ajiye ba, yana cikin ma'ajiyar da waya ba ta bari a shiga. Ko ka yi nasarar sakawa, uwar garke za ta duba lamba ta ce sai ka sabunta. Karɓa daga wayar aboki ma ba lallai ya yi ba, domin tun Agustan 2021 sababbin manhajojin Play Store gunduwa-gunduwa suke sauka, kowace waya da gutsuren da ya dace da injinta da fuskarta. In aka turo maka babban gutsuren kaɗai, ko ta ƙi hawa ko ta faɗi. Waɗanda ake yaɗawa da sunan "an gyara" kuwa, sa hannunsu ba na kamfanin ba ne. Ko a rufe akawun ɗinka, ko a sace maka bayanai. Gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Kuɗin tikiti: Google Play yakan duba buƙatar mayar da kuɗi cikin awa 48 da saye, bayan nan wurin masu gem ake turawa. Kai ka wuce wannan, sai ka nemi su ƙara maka kwanakin da ka rasa, ka haɗa da lambar GPA da ranar da matsalar ta fara. Kada ka sa banki ya janyo kuɗin da ƙarfi, kamfanoni da yawa suna kulle akawun a kan haka.

Zakaran_Gem:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na samo rasit da lambar ɗan wasa. Na gwada a wata waya mai injin zane daban, ya buɗe lafiya. To zan iya shiga akawun ɗina a can kafin gyaran ya fito?

Mai_Gyaran_Waya:

Da kanka ba za ka iya ba, tunda baƙo ne. Sai dai ka tura wa sashen taimako rasit da lambar, ka roƙi su haɗa akawun ɗin da imel ɗinka. Wasu suna yi, wasu sai ka shiga daga ainihin wayar. In sun haɗa, ka shiga a waccan ka ci gaba da cin tikitinka.

Ranar da gyaran ya fito, danna "Update" a kan wanda ke wayar, ba cirewa ba sakewa. Buɗewar farko za ta iya daɗewa a lodi, mintuna kaɗan, ka bar shi ya gama, kada ka fita. Da ka shiga, kafin ka buga ko zagaye ɗaya, je saitin gem ka haɗa akawun da Google Play Games ko imel, ka ɗauki hoton lambarka. Sannan a shafin gem ɗin a Play Store, danna ɗigo ukun nan na sama ka cire alamar "Enable auto update". Gem na intanet zai tilasta maka sabuntawa wani lokaci, amma a sigogin da ba dole ba za ka samu kwana ɗaya ko biyu ka karanta sharhin masu irin wayarka tukuna.