Ina neman Hausar "skilled foreign workers" kafin ƙarfe shida

Mai Shirin Yamma: Assalamu alaikum malamaina. Ina da rahoton da za a karanta ƙarfe shida kan yadda Jamus ke neman ma'aikata daga waje. Tun watan Yunin 2024 suka fito da wani kati da ke bai wa mutum damar shiga ƙasar ya yi har shekara guda yana neman aiki, in ya tara maki 6 ta fuskar harshe da shekaru da daɗewa a sana'a. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne "skilled foreign workers". Na sa "ƙwararrun ma'aikata 'yan ƙasashen waje", amma ta yi ta maimaituwa, numfashin mai karatu zai ƙare. A taimaka da gajeriya.

Tsohon Edita: Wa'alaikumus salam. Ƙwararrun baƙi. Ki wuce gaba.

Ɗalibar Harshe: Baba Edita, baƙi kuwa? Kunnen mai saurare ya saba da "baƙin haure". Da ya ji baƙi a labarin Turai, kwalekwale zai hango a Bahar Rum.

Malam Nahawu: Me ya kawo wahala? Muna da ci-rani tun kaka da kakanni, wato barin gida a tafi neman na kai. Bambancin kawai shi ne wannan da takardar makaranta yake tafiya. Don haka: 'yan ci-ranin boko. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina haka, kuma tana zama daram a baki.

Injiniya: Allah gafarta Malam, wato likitan da ya yi shekara da shekaru yana karatu, ƙasa guda ta aiko tana nemansa, shi ne ɗan ci-rani? Kuma ko ma'anar ba ta hau ba. Ɗan ci-rani da damina ta faɗi yake komawa gida. Kanada tun 1967 take zaɓen mutane da maki, kuma wanda aka ɗauka ta Express Entry, tsarin da suka fara a 2015, izinin zaman dindindin ake ba shi. Wace daminar zai jira?

Malam Nahawu: To ai Amurka ma ƙasa ce. Bizar H-1B, wadda suke bai wa ƙwararrun ma'aikata, ta shekara uku ce, a sabunta ta kai shida, kuma sababbi 85,000 ake bayarwa a shekara. Wannan ba ci-rani ba ne? Ita kanta Jamus, da ta ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Turkiyya a 1961, ai baƙin ma'aikata ta kira su bisa zaton za su koma. Abin da ke damunka, Injiniya, kada a haɗa ka da mai tura baro, ba nahawu ba.

Injiniya: Ni ban raina sana'ar kowa ba, Malam. Amma kowa da matsayinsa.

Mai Shirin Yamma: Don Allah a yi haƙuri, lokaci na tafiya. Malam, ni "boko" ce matsalata. Dokar shigowar ƙwararru da ta fara aiki a Jamus a Maris 2020 ba 'yan digiri kaɗai ta shafa ba. Masu walda, masu gyaran wuta, masu kula da tsofaffi duk suna ciki, kuma katin nan ma yana karɓar wanda ya yi horon sana'a na shekara biyu da ƙasarsa ta amince da shi. In na ce boko, na kori mutanen da suka fi buƙatar jin labarin.

Bahaushen Asali: Ni abin da ke ba ni takaici, kuna neman Hausa da bakin Turawa. Kati, maki, biza, digiri, walda. Ina Hausar take? Shi ya sa ake raina harshen nan. Ku ce gwanaye, kalmarmu ce tsantsa.

Tsohon Edita: Ɗan'uwa, kawo mana Hausar maki kafin shida, ni da kaina zan sa a canza.

Bahaushen Asali: Ba aikin rana ɗaya ba ne. Da an mutunta harshen, da tuni an zauna an yi.

Ɗalibar Harshe: Gwani yana da nauyi, Yaya. Ana ce wa mahaddacin da ya gagara gwani, ana ce wa mai baiwa gwani. Su kuwa waɗannan ƙasashe takardar shaida suke dubawa da shekarun aiki, wani lokacin har da albashi: Birtaniya ta ɗaga mafi ƙarancin albashin bizar ma'aikata zuwa fam 38,700 a Afrilun 2024. Ƙwarewa ce ake aunawa haka. Anti, me zai hana ki juya maganar kan gwamnati? "Jamus na zawarcin ƙwararru." Masu labarin ƙwallo sun riga sun share mana hanya, kowa ya san ƙungiya na zawarcin ɗan wasa.

Malam Nahawu: Zawarci na bazawara ne. Yanzu injiniyan ya koma bazawara ke nan, ya fi ci-rani daraja?

Ma'aikaciyar Jinya: Ni dai zawarci ya yi wa abin kwalliya da yawa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ƙasashe 55 masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, ta ce a yi hattara da ɗibar musu mutane. Daga ɓangarensu wawaso sunansa.

Tsohon Edita: Wannan sharhi ne, 'yata, ba labari ba. A bar shi zuwa shirin muhawara.

Mai Shirin Yamma: Na gode ƙwarai. Ga yadda na yi: kanun labari "Jamus na zawarcin ƙwararru daga waje". A farko na kawo doguwar sau ɗaya, na ƙara da "har da masu sana'ar hannu", daga nan sai "ƙwararrun" kawai.

Injiniya: Ba laifi.

Malam Nahawu: Kin kauce wa kalmar ne, ba ki samo ta ba. A yi amfani da shi yau tunda ana sauri. Na yarda a cire boko, amma ci-ranin yana nan a darasina na gobe.

Bahaushen Asali: Har yanzu dai ba wanda ya ce komai kan "kati".