Masu kai yara makaranta a keke, dan Allah ku zo ku ban shawara

Abban_Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Toh ni dai cunkoson safe ya ishe ni wlh. Makarantar yarinyata bata kai kilomita 3 daga gida ba amma a mota sai mu kwashe minti 40 a hanya, ina zaune ina kallo masu keke suna wuce mu ɗaya bayan ɗaya, ga wahalar neman wajen fakin in an isa. Ina da keke kuma na daɗe ina hawa ba koyo zanyi ba, sai dai ban taɓa ɗaukan yaro a kai ba. Babbar shekararta 4, nauyinta kilo 16, ƙanenta kuma watansa 8, shima inaso in riƙa ajiye shi gidan raino tunda hanya ɗaya ce. Mamansu tace sam bata yarda ba, wai so nake in karya mata yara. Tambayata, wace kujera ya kamata in saya, ta gaba ko ta baya? zan iya ɗaukan su biyun lokaci ɗaya? sannan hular kwano dole ce ko ga jariri? Wanda ya taɓa yi ya taimaka da abin da ya gani da idonsa.

Maman_Tagwaye:

Wa alaikumussalam ɗan uwa. Shekara 5 kenan ina kai nawa a keke so bari in faɗa maka gsky, maganar ƙaramin ka ajiye ta tukunna. Ɗan wata 8 wuyansa bai yi ƙwari ba, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma shawararta kar a ɗora yaro a keke sai ya cika shekara 1, saboda kan jariri yana da nauyi sosai in aka kwatanta da jikinsa, ka ƙara masa hular kwano, kuma duk ramin da ka faɗa wuyan ne zai sha girgizar. Kai kana ganin ramin kafin ka shiga sai ka ɗaga jikinka, shi bai san da zuwansa ba. Akwai kujerun da aka rubuta daga wata 9, amma wata 4 ne fa kawai ya rage maka, ka yi haƙuri.

Babbar kuma ta baya zaka saya mata. Ta gaba yawanci iyakarta kilo 15 ne, taka ta riga ta wuce, ta baya kuma tana kaiwa kilo 22.

Amma abin da nake so ka riƙe, ni duk tsawon shekarun nan ban taɓa faɗuwa ina cikin tafiya ba, sau ɗaya muka faɗi kuma a tsaye muke cik a ƙofar gida. Na ɗora yaron na ɗaure masa bel, na kafe keken da ɗan ƙarfen nan na gefe mai ƙafa ɗaya, na juya kawai in ɗauko jakarsa da ke ƙasa, ko taku biyu banyi ba, ashe ya hango kyanwa ya leƙa gefe, sai jin ƙara nayi keken ya tafi da shi gaba ɗaya yana ɗaure a ciki. Wlh sai da hantar cikina ta kaɗa. Allah ya taimaka da hula a kansa, kujerar kuma mai bango ce ta gefe ita ta daki ƙasa, ɗan gurjewa kawai yayi a hannu, amma sati guda ko keken aka nuna masa sai kuka. Tun ranar na canza abin kafewa zuwa mai ƙafa biyu, kuma ko da shi ɗin, muddin yaro na kai hannuna baya barin keken. Jaka, makulli, robar ruwa, komai sai na gama shiryawa, yaro shine na ƙarshen hawa kuma na farkon sauka.

Wani abu da ba wanda ya gaya min, in kekenka mai ƙarfe a tsakiya ne ka saba wurga ƙafa ta baya in zaka hau, toh yanzu akwai mutum a wajen, ranar farko zaka iya harbinta a fuska. Ka koyi ɗago ƙafa ta gaba ko ka nemi keken da tsakiyarsa a buɗe take. Kafin ka ɗauke ta ka ɗaura buhu ko jarka mai nauyin kilo 16 a kujerar kayi zagaye kwana biyu, zaka ji yadda bayan ke jan ka a kwana da lokacin tashi.

Abban_Biyu:

Na gode sosai Maman Tagwaye, Allah ya raya su. Maganar wurga ƙafan nan wlh ko a mafarki ban kawo ta ba, kuma nawa mai ƙarfen tsakiya ne. Toh in nasa mata filo a kan kariya, ƙarfen ɗaukan kayan nan na baya, ta riƙe ni fa kafin in samu kujerar? naga ana yi.

Mai_Gyaran_Keke:

A'a malam, dan girman Allah kar ka fara. Ana yi kam, ni kuma ni ake kawo wa keken bayan an dawo daga asibiti. Ba faɗowa ce babbar matsalar zama a kariya ba, ƙafa ce. Yaro yana zaune ƙafafunsa na lilo, ya gaji ko bacci ya ɗauke shi, dunduniya ta shige cikin wayoyin taya, kai kuma kana kan taka feda baka sani ba sai kaji keken yayi nauyi. Tayar tana jan ƙafar ta matse ta da ƙarfen keken, fata ta saɓule, wani lokacin har karaya a idon sawu, kuma irin ciwon nan ranar farko sai kaga kamar ba komai, bayan kwana biyu sai wajen yayi baƙi. Duk wanda hakan ta faru da ɗansa ya kai shi asibiti ko da ciwon ƙarami ne a ido. A Jamus doka ce ma, ba a ɗaukan yaro a keke sai da kujerarsa da kuma abin da zai tare ƙafa daga shiga taya, mai tuƙin kuma sai ya kai shekara 16.

In ka tashi sayen kujera ka duba wajen sa ƙafa, ya zama akwai madauri kuma akwai roba tsakanin ƙafar da tayar. Ka ɗaure ƙafar kullum, ba ranar da ka ga dama ba, kuma da takalmi rufaffe. Igiyar takalmi, igiyar jaka, duk wata tufa mai jan ƙasa a tattare ta.

Kujerar iri biyu ce, akwai mai hawa kan kariya akwai wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen da ke ƙarƙashin sirdi. In mai hawa kariya ce ka leƙa jikin kariyar, ana buga adadin kilon da take ɗauka, da yawa 25 ne, wasu kuma na ado ne ko kusa basu kai ba, kuma ka lissafa har da nauyin kujerar kanta ba na yarinyar kaɗai ba. In sirdinka mai sifirin ne ka rufe sifirin ɗin, daidai hannun yaro yake, zata sa yatsa tana wasa kai kuma ka zauna ka matse.

Sai birki. Ka ƙara wajen kilo 20 a keke, ba zai tsaya a inda ya saba tsayawa ba, musamman a gangara ko in anyi ruwa. Ka sa a duba maka robar birki gaba da baya, ka ƙara wa tayar baya iska, notunan kujerar kuma ka riƙa bin su da sifana duk sati a farko don girgiza na sassauta su.

Kawun_Yara:

Ni kam ina bayan matarka ɗari bisa ɗari. Duk wannan bayani da suke maka na kujera da noti, me zai yi maka ranar da direban babbar mota yana danna waya? Hular kwano an yi ta ne don faɗuwa ba don tirela ba. Kai babba ka zaɓi ka sa kanka a haɗari, ita yarinyar bata zaɓa ba. Ga hayaƙin motoci da zata riƙa shaƙa. Ka tashi da wuri kawai ka riga cunkoson, minti 40 bai kai ran yaro ba. Allah ya tsare.

Dan_Feda:

Kawu da gaskiyarka a maganar hula, ba mai musu. Amma amsar ba a bar keke ba ce, a canza hanya ne. Kuskuren da yawancinmu muke yi shine mu bi hanyar da muka saba bi a mota, alhali keke ba ruwansa da babban titi. Ni tawa hanyar ta cikin unguwa ta fi ta titi tsawo da kusan kilomita 1, amma mararraba ɗaya ce tak mai wahala, a nan ɗin ma sauka nake in tura keken in tsallaka da ƙafa, ba abin kunya bane. Abban Biyu ka fita ranar hutu kai kaɗai ka lalubo hanya, sannan ka sake binta a daidai lokacin da zaka riƙa fita da safe don layin da yake shiru ran hutu zai iya zama wani abu daban ran aiki. In ka bincika ka ga ba yadda za'ayi sai ka haɗa kafaɗa da manyan motoci masu gudu, toh nima sai in ce ka ji maganar Kawu.

Abu biyu ne ke cin masu keke a gari. Na farko babbar mota ko bas a kwana, kar ka taɓa kutsawa tsakaninta da gefen titi ko da tana tsaye a danja, direban baya ganinka a wajen, kuma in zata sha kwana sai ta fara buɗewa kamar zata miƙe sannan bayanta ya share gefen gaba ɗaya. Ka tsaya bayanta ka barta ta tafi. Na biyu ƙofar motar da aka faka, ka bar tazarar kamar mita 1 ko da na baya zai yi ta maka hon, ya yi ta yi.

Kuma Kawu, ƙasar Holan da ake ta misali da ita ba haka ta tashi ba. A 1971 yara sama da 400 ne suka mutu a haɗarin hanya a ƙasar, iyaye suka fito zanga-zanga suna tare tituna, daga nan aka fara sauya fasalin garuruwan. Yanzu sune masu keken nan mai akwati a gaba da ake zuba yara biyu uku a ciki. Japan kuma tun 2009 suka halatta ɗaukan yara 2 a keke ɗaya, amma sai a keken da aka ƙera don haka, mai ƙarfi, kuma da yawansu tayoyinsu ƙanana ne don nauyin ya sauko ƙasa. Wannan ya amsa tambayarka ta ɗaukan biyu, ana yi, amma ba a kowane keke ba kuma ba a watanka na farko ba.

Kawun_Yara:

Toh su sun gyara titunansu ai. Ni dai na faɗi nawa.

Maman_Tagwaye:

Na manta maganar hula. Ka je da ita a gwada, kar ka sayi babba wai zata girma a ciki. Ta zauna daidai a goshi, yatsa biyu tsakanin gira da bakin hular, igiyar ta haɗu ƙarƙashin kunne, a haɓa kuma yatsa ɗaya kawai ya shiga. In ka tsinke mata fatar wuya da maɓallin sau ɗaya toh kun ɓata kenan, ka sa yatsanka a tsakani in zaka danna. Hular da ta taɓa bugun ƙasa da ƙarfi a canza ta ko ba a ga tsagewa ba. Kai ma ka sa taka, in ba haka ba kullum sai kunyi rigima. Sannan ka tuna kai kana motsa jiki ita a zaune take, in da sanyi ta fi ka jin sa, in rana ce kuma ba inda zata ɓuya. Zata yi bacci a hanyar dawowa, wannan kam ba makawa, kanta ya riƙa rinjaya gefe, so ka ɗaure bel ɗin kafaɗa da kyau.

Abban_Biyu:

Jama'a na dawo. Na nuna wa Maman yara duk abin da kuka rubuta, na Kawu ta fi so tace shi kaɗai ne mai hankali a cikinku lol. Amma mun daidaita, ƙaramin sai ya shekara sannan a sake zama, maganar babbar kuma Maman ta yarda da sharaɗin ita ma sai ta bi hanyar da ƙafa ta gani. Jiya nayi gwajin jarka, a kwanar farko saura kaɗan in sha ƙasa, kuma sau biyu na harbi jarkar wajen hawa. Na samu hanya ta bayan layi, mararraba biyu ce zan sauka in tura. Mai Gyaran Keke na duba kariyar tawa ba'a rubuta komai a jiki ba, in canza ta ne ko in nemi kujerar da ake ɗaurewa a ƙarfen sirdi?

Mai_Gyaran_Keke:

In ba rubutu kar ka yarda da ita. Nemi mai ɗaurewa a ƙarfe, amma ka je da keken a gwada kafin ka biya, wani keken wayar giya ko ta birki na bi ta daidai inda maɗaurin zai kama.