Kalkulas mai canji ɗaya da mai canji da yawa: ina bambancin?

Ɗalibi_Yelwa: Assalamu alaikum malamai. Ina shirin shiga aji biyu a ATBU (Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, Bauchi), sashen injiniya. Na ci kalkulas na aji ɗaya, amma ana cewa mai x da y a haɗe ya fi wuya. Me ya canza, kuma me zan maimaita kafin a dawo hutu?

Malam_Lissafi: Wa alaikumus salam. A aji ɗaya y = f(x) ce, zanenta layi a takarda. Yanzu z = f(x, y), shimfiɗa mai tudu da kwari, don haka gangara ta danganta da inda ka fuskanta. Daga nan fashiyal dirivatif ya fito: ka motsa ɗaya, ka riƙe ɗayan a tsaye. Idan f = x²y + 3y, ta x za ka samu 2xy, ta y kuma x² + 3. Wasu ɗalibai suna mai da y sifili maimakon su ɗauke ta lamba tsayayya, sai 2xy ta ɓace.

Limit ne ya fi ruɗa mutane. Da can daga hagu da dama kawai ake tunkarar wuri, yanzu hanyoyin ba su da iyaka. Gwada xy/(x² + y²) a (0, 0): ta layin x (wato y = 0) amsa 0, ta layin y = x kuma 1/2. Tunda sun saɓa, babu limit. Ko hanyoyi goma sun yi daidai, hakan bai isa hujja ba.

Injiniya_Gombe: Malam ya yi bayani. Ƙari a kan intigireshan biyu (wanda ake yi a kan x da y duka a cikin wani yanki): zana yankin kafin ka rubuta iyakoki, musamman in za ka sauya dx dy zuwa dy dx. In ka koma r da θ (r nisa daga tsakiya, θ kusurwa), dA, wato ɗan guntun faɗin yankin, r dr dθ ce. Da'ira mai radiyos 3 faɗinta 9π. In ka manta r ɗin, 6π za ka samu.

Kuma dirivatif sifili ba lallai ƙololuwa ko kwari ba. x² − y² a (0, 0) kamar sirdin doki take, ta hau ta gefe ɗaya, ta sauka ta ɗaya gefen.

Malam_Lissafi: Hakane. A hutun nan ka ƙarfafa cen rul (ƙa'idar dirivatif na irin f(g(x))), intigireshan ta sauyi da ta ɓangare, sannan bekto, musamman dot da kuros furodok, don giradiyent (bekton da ya haɗa fashiyal dirivatif ɗin) a kan bekto da dot furodok ya dogara.