Kwamfuta ta ce dokina ya tafi gefe, ni kuwa ban ga dalili ba

Tela daga Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗan dame ne tun ina yaro, amma wata shida ke nan da na kamu da wasan ces (chess) a Lichess, shafin buga shi a intanet. In ɗinki ya yi sauƙi a shago sai in buga na minti uku-uku. Da na gama sai in danna nazarin kwamfuta, Stockfish, injin da ke nazarin wasan, ta jera mini kurakuraina, in gyaɗa kai, gobe in maimaita su.

Ga na jiya. Ni ke da baƙaƙe. Abokin wasana ya kawo bishof gidan c4 (kowane gida a allo da harafi da lamba ake kiransa), ya turo doki g5, duka suna harin f7. Na tura soja d5, ya ci, na rama da dokina. Kwamfuta ta ce a'a, da ɗaya dokin na kai a5. Gefen allo fa! In bar masa soja a banza ke nan? Don Allah a warware mini.

Malamin lissafi, Asawase:
Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan tarkon tsoho ne. Da ka rama a d5, sai ya jefa dokinsa ya ci f7, sarkinka ya ci dokin, sarauniyarsa ta fito f3 da cek, wato hari kan sarkinka. In kana son tsare dokinka na d5, dole sarki ya tako e6, tsakiyar fili, kowa na jifansa. Shi kuwa doki a a5 bishof ɗin c4 yake kora. Farin zai ba da cek a b5, ka toshe da c6, a yi musaya, ka bi dokinsa da h6. Ka rasa soja ɗaya, amma shi yana ta ja da baya, kayanka suna fitowa.

Kwamfuta ba za ta yi maka wannan bayanin ba, amsa kawai take bayarwa. In ta ce motsinka bai yi ba, ka sake buga shi a allon nazari ka ga da me za ta hukunta ka, motsi uku ko huɗu. A nan dalilin yake ɓuya.

Ɗaliba a jami'ar KNUST, Kumasi:
Yaya, lambobin da kwamfuta ke nunawa a nazari ma kar su ruɗe ka. +1 kamar a ce fari ya fi da soja ɗaya ne. Doki da bishof kusan 3 kowanne, ruk 5, sarauniya 9. In lamba ta motsa daga +0.2 zuwa +0.5, rabu da ita, ba ita ke kayar da irinmu ba. Nemi inda ta yi tsalle daga 0 zuwa +3. Wuri ɗaya ko biyu a wasa ya isa. Ni kafin in kunna injin sai na rubuta inda nake zaton na ɓata, sannan in gwada da nata.

Tsohon ɗan dame, Alabar:
Yaro, Kasparov ma, zakaran ces na duniya a lokacin, kwamfuta ta kayar da shi tun 1997, to kai wa za ka zama da za ka yi tunani irin nata? Ciwonka wasan minti uku ne, hannu ɗaya a kan almakashi. Da gaggawa ake haihuwar nawa. Mu a dame sai an zauna an sha ataya ana gardamar wasa ɗaya har magariba.

Malamin lissafi, Asawase:
Baba ya yi gaskiya a kan lokaci, ka koma na minti 15. Amma injin kar ka yar da shi, abokin gardamar da ba ya gajiya ne. A Lichess akwai inda zai mayar da kai wurin kuskuren ya ɓoye amsa, ya ce ka nemo da kanka.

Tela daga Aboabo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam, na jera wasan yanzu a kan teburin yanka, da maɓallai a madadin sojojin da yarana suka ɓatar. Na ga sarkin nan a e6, tausayi ya ba ni. Amma a hanyar doki a5, in bayan h6 ya mayar da dokinsa f3, in tura soja e4 in sake korarsa, ko in fara fito da bishof?